Zoben da Ba A Rufewa

Har yau in na ji ƙaurin ƙwarya a wuta, ko a ina nake, sai na waiwaya kamar zan ga Kaka Ige. Ita ta haifi babanmu, kuma a ƙauyenmu da ke gefen gulbi, tafiyar hantsi daga Gummi, ba wanda ya kama ƙafarta a zanen ƙwarya. Wuƙaƙe uku gare ta masu ƙotar icce, sun yi baƙi ƙirin don riƙo. Biyu dogaye ne sirara, ta ukun kuwa 'yar guntuwa ce da take kira Gajera. Da an idar da magariba an ci tuwo, sai ta hura wuta a ƙofar ɗakinta, ta cusa bakin wuƙaƙen cikin garwashi, ta ɗora ƙwarya a cinya. Mu jikoki mu zo a guje muna ture juna, kowa na son wurin da ya fi kusa. Hannunta na zane, bakinta na tatsuniya, ƙafarta kuma na korar duk wanda ya matso kusa da ƙarfe mai zafi.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ɗaga wuƙa tana hayaƙi, ta ce, "Ga baƙuwa nan tahe, wa za shi buɗe mata?" Mu kuwa mu haɗa baki da iyakar ƙarfinmu, "Ta shigo, mun share mata wuri!" In ihun bai ishe ta ba sai ta kama kunne ta ce baƙuwar ba ta ji ba, ta juya za ta koma. Mu sake kwarara ihu har awakin gidan su firgita, Innata ta leƙo daga madafa ta ce za mu tsinka mata dodon kunne. Wayyo daɗi! Ban san ko akwai yaran da suka fi mu jin daɗin duniya a wannan lokacin ba.

Kowace ƙwarya in ta gama yi mata ado, sai ta kifa ta, ta zaro Gajera daga wuta, ta yi zobe ɗaya a gindi. Amma ba ta haɗa bakin zoben. Kullum takan bar 'yar kafa kamar faɗin ɗan yatsa. Matan Fulani masu tallar nono daga Gummi har Bukkuyum da sun ɗauki ƙwarya sai su juya ta, in suka ga zoben su ce ta Ige ce. Ni dai na tashi ina ganinsa, ban taɓa tambaya ba, kamar yadda ban taɓa tambayar dalilin tsagar da ke kumatunta ba.

Shekarar da nake ba ku labari ina da tara a duniya, ina aji biyu a firamaren da aka buɗe mana lokacin da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta. Wani maraice Kaka ta daɗe tana murza ido, sannan ta ce, "Idanun ga sun hwara yi min rowa. Kahin ruwa su sauka za ni aje Gajera hannun guda cikinku. Wadda tas samu, ita ka yi ma ƙwarya zobe bayana." Duk jikoki mata mu biyu ne muka isa riƙe wuƙa, ni da Saratu ɗiyar baffana. Saratu ta girme ni da shekara ɗaya, ga ta da sanyin hannu, in ta ja layi kamar an sa zare. Ni kuwa Balki Garaje Kaka ke kira na, don ni ce mai fita da takalmi ɗaya in an ce ana kiɗa a dandali. Amma wallahi ban taɓa son wani abu kamar yadda na so Gajera ba. Ina cin tuwo ina tunaninta, ina wanke-wanke ina zana zobe da yatsa a bayan tukunya.

A daidai wannan lokacin Kaka na kan wani babban aiki. Aminiyarta Dudu, wata Bafillatana da ke kawo mana nono tun kafin a haife ni, za ta aurar da ɗiyarta Biba, kuma Kaka ta yi alkawarin ƙore goma sha biyu na jere, daga masaki har ɗan ƙoƙo. Wata guda cur tana yi. Ta gama, ta yi musu zobe, ta kife su a kan gadon kara suna sheƙi. Saura kwana huɗu Dudu ta zo ɗauka.

To, a makaranta muna da wani malami mai tsananin son tsabtar aiki. Ranar nan ya sa mu zana da'ira a allo, ya bi layi yana dubawa. Duk wanda bakin da'irarsa bai haɗu ba sai ya ƙwanƙwashe shi, ya ce aikin da ba a ƙarasa ba aikin raggo ne. Ina zaune sai abu ya faɗo mini a rai. Zoben Kaka! Ashe shi ya sa take kukan ido. Ashe baiwar Allah ba ta ganin inda ta faro, shi ya sa bakin ba ya haɗuwa, kuma duk gidan ba mai ƙarfin halin gaya mata. Tausayinta ya kama ni, ga kuma wani farin ciki yana taso mini daga ciki, don na ga hanyar da zan rufa mata asiri in kuma nuna mata wa ya cancanci Gajera. Ranar ko tsayawa wasan 'yar carafke ban yi ba, da gudu na iso gida.

Na tarar Kaka ta tafi suna a ƙauyen gaba. Na ɗebo garwashi a kasko daga murhun Inna, na shige ɗakin, na zaro Gajera daga cikin lefen da take ajiye ta. Na cusa bakinta cikin garwashin har ya yi ja. Na ɗauki ƙoƙon farko na haɗa bakin zoben, cas, hayaƙi ya tashi. Ya yi kyau! Na ɗauki na biyu. Kafin la'asar na bi duk goma sha biyun na rufe su tsaf, na mayar da su yadda suke, na fito ina taku ɗai-ɗai kamar wata gwaggo. Saratu ta tambaye ni abin da ke sa ni murmushi, na ce ta jira ta gani.

Kaka ta dawo, ta yi alwala, ta shiga ɗaki. Ta saba in ta wuce sai ta shafa ƙoren da hannu. Ina maƙale a bakin ƙofa na ga ta shafa gindin masakin da babban yatsa, ta tsaya. Ta sake shafawa. Ta ɗauki na kusa da shi, ta ɗauki wani, har ta bi su duka. Sannan ta ce, ba da ƙarfi ba, "Wat taɓa ƙoren ga?"

Na yi tsalle na faɗa ciki. "Ni ta, Kaka! Na ga idonki ba shi gani, na ƙarasa miki su dut!"

Na tsaya ina jiran ta rungume ni. Sai kawai ta zauna a bakin gado, masakin na cinyarta. Inna ta ji abin da ya faru, ta shigo da zabori a hannu, Kaka ta ɗaga mata hannu ta ce, "Aje. Ba da mugunta tay yi ba." Ta dubi ƙoren ta ce, "Ba ni kai ma ɗiyar Dudu su haka. Gara in ji kunyar cika alkawali." Dumar da ta bushe ta ƙare a gidan, ko da akwai ma, aikin wata ba ya yiwuwa a kwana huɗu. Nan na gane na yi ɓarna, ban dai san irinta ba. Na san kuma Gajera ta kuɓuce mini.

Na ɗauka ranar ba za a hura wuta ba. Amma ana gama tuwo sai ga hayaƙi a ƙofar ɗakinta. Yara suka ruga, ni na raɓe can baya kusa da turmi. Ba ta sa wuƙa a wuta ba, hannunta wofi ta ɗaga ta ce, "Ga baƙuwa nan tahe, wa za shi buɗe mata?" Suka amsa. Ta kama kunne ta ce, "Ban ji muryar Garaje ba. Baƙuwag ga wurinta taz zo." Dole na matso, na amsa da murya kamar ta sauro.

Ta ce wai a wata shekarar fari, gulbi ya ƙafe har kifi ya zama ƙashi. Zabuwa, a lokacin kanta cike yake da gashi mai kyau har ana yi mata kitso, ta yi ta tonon yashi a tsakiyar gulbi har ta samu ido na ruwa. Ta kewaye shi da ƙaya don kada iska ta cika shi da ƙasa, amma ta bar ƙofa. Kowa ya zo ya sha, barewa da zomo da tunkiyar da ta ɓace wa garke, har kura in ta yi alkawarin ba za ta dubi kowa ba. Nan Kaka ta kwaikwayi kura tana shan ruwa ido a rufe tana leƙe da gefe ɗaya, yara suka faɗi ƙasa don dariya, ni ma ban san lokacin da ta kuɓuce mini ba. 'Ya'yan zabuwa kuwa abin ya dame su. Suna cewa uwarsu ta tsufa, ta manta ba ta ƙarasa shinge ba, ga baƙi na shanye musu ruwa. Ranar da ta tafi kiwo mai nisa suka jawo ƙaya suka toshe ƙofar, suna ciki, suna murna.

Ashe ruwan yashi ɗiba ke raya shi. Da aka daina ɗiba sai ya kwanta, ya yi kore, ya soma wari, idon ya toshe. 'Ya'yan suka rasa na sha, suka rasa ta fita, don ƙayar da suka jawo ta fi ƙarfinsu. Zabuwa ta dawo ta ji kukansu daga ciki. Ba ta da gatari, ba ta da hannu. "Sai tas sa kai," in ji Kaka, ta dunƙule hannu ta tura shi gaba a hankali. "Ƙaya na tsaga, tana turawa. Gashi na zuba, tana turawa. Hat ta huda." Dabbobi suka shigo suka yashe idon, ruwa ya dawo garau. Amma gashin kan zabuwa bai sake tsirowa ba, shi ya sa har gobe kanta a sanƙe yake. Kaka ta kakkaɓe zaninta ta ce, "Baƙuwa ta aje kayanta, mai so shi ɗauka."

Yara suka yi ta gardamar ko kura ta cika alkawari. Kaka kuwa ta jawo ni jikinta, ta gaya mini abin da manyan gidan duk suka sani. Innarta Bafillatana ce. Kaka na ƙarama shanunsu suka ƙare a wata muguwar shekara, suka shigo ƙasar Bukkuyum a ƙasa, ita da uwarta, suna bin gidaje. Kowa ya ja ƙyaure, ba don mugunta ba, su ma ba su da shi. Sai gida ɗaya na manoma da dangarsa ke da kafa ba ƙyaure, an ajiye ƙwaryar kunu a bakin kafar, ba kowa kusa, don kada mai sha ya ji kunya. A gidan ta girma, a gidan ta yi aure. Da ta koyi zane sai ta riƙa sa dangar nan a gindin kowace ƙwarya. "Ƙwaryad da ad da zoben ga," in ji Kaka, "ba a hana ma mai ƙishi ruwa da ita. In an dama hura ciki, ba a suɗe ta, a kan rage ma mai shigowa. Shi na addu'ad da ni ka yi ma amarya. Yanzu mi ki ka so in ce ma Biba? Ta shiga ɗaki ta ja ƙyaure?"

Na fashe da kuka, irin mai majina. Ina cikin kukan sai zabuwa ta faɗo mini a rai. Na miƙe zumbur har na kusa taka wuta. "Kaka! A kankare! A huda shi kamar zabuwa!"

Ta dube ni ta gefen ido. "Wa za shi kankare? Ni ba ni ganin zurhi. Ƙuna ta shiga jikin ƙwarya, in anka wuce wuri kaɗan ta ɓule, ta tashi aiki."

"Ni za ni yi."

"Ke? Garaje?"

"Ni, Kaka. Wallahi a hankali za ni yi."

Washegari Juma'a, tun da hantsi bayan an taso mu daga makaranta, ta ba ni 'yar wuƙar da ake kankare cikin duma. Na zauna a inuwar rumbu inda haske ke da kyau. Ban taɓa sanin akwai aiki mai cin rai irin wannan ba. Ka kankara kaɗan, ka hura, ka duba, ka sake. Baƙin ya ƙi fita, zuciya na ce maka danna, kai kuma ka san in ka danna shi ke nan. Saratu, wadda na ɗauka za ta yi mini dariya, ta zo ta zauna ta riƙe mini ƙwaryar da gwiwoyinta, in na soma sauri ta ce, "Balki, hannunki." Na farko ya ɗauke ni har azahar. Da na hura na ga farin jikin ƙwarya ya bayyana a tsakiyar baƙin zobe, na yi wani ihu da ya sa kaji watsewa, na ruga da ita wurin Kaka ina cewa ta buɗu, ta buɗu!

Kwana uku muna yi. Yatsuna biyu suka yi bororo, Inna ta ɗaure mini su da tsumma, na ci gaba. A na tara garajen ya motsa, na danna, wuƙa ta shige ɓus. Na ɗaga ƙwaryar na hango Saratu ta cikin hujin. Kaka ta karɓa, ta leƙa ita ma, ta yi dariya har da hawaye, ta ce to wannan ƙofa ta yi yawa, ko raƙumi ya shiga. Ta ɗauko tata ƙwaryar furar, wadda ba ta bari kowa ya taɓa, ta wanke ta cike gurbin da ita.

Ranar da Dudu ta zo, ina laɓe bayan Inna. Ta yaba ado, sannan ta juya masakin kamar yadda suka saba. Ta ga zobe baƙi da farar ƙofa, ta ce, "Ige, wanga sabon yayi na?" Kaka ta ba ta labari tun daga malamin makaranta har bororon yatsa, ba ta rage komai ba, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Dudu ta yi dariya, ta kamo hannuna mai tsumma ta duba, ta ce, "Mi yetti, na gode, ɗiyata. Biba za ta ji labarin ga kahin ta sha ruwa ciki." Ta jera su a kai ta tafi.

Da maraice a bakin wuta Kaka ta zaro dogayen wuƙaƙen nan biyu ta miƙa wa Saratu, ta ce ta fi ni hannu, wannan ba gardama. Na sunkuyar da kai, don gaskiya ce. Sai na ji an ɗora mini abu mai ɗumi a cinya. Gajera! "Wadda tas san wuyar buɗewa, ita ka riƙon ta," in ji ta. "Amma naki zoben ba irin nau ba na. Ki ruhe, ki kankare, kowace ƙwarya. Kowa shi san na wadda tat taɓa ruhewa na." Ban tsaya jin ƙarshe ba. Na zagaya gidan sau uku a guje ina ɗaga wuƙa sama, Inna na bi na tana cewa zan tsokale wa wani ido.

Kaka ta rasu ina budurwa. Aure ya kai ni Anka, kwanon samira da roba suka kori ƙwarya daga ɗakunan amare, amma ban daina ba. Duk shekara nakan zana 'yan kaɗan, in rufe, in kankare. Na sa zoben a jikin randar zaure, na sa a murfin akwatina, 'ya'yana har tsokanata suke wai da za a yarda da na sa musu a goshi. Na ɗauka na gama fahimtar abin tun ina 'yar shekara tara. Sai da na manyanta aka gwada ni.

Shekarun da ciwon dalma ya kama yara a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya, mata suka riƙa zuwa Anka da 'ya'yansu neman magani, daga Bagega, daga Abare, daga Sunke. Wasu ba su san kowa a gari ba. Na sauki ɗaya, ta gaya wa wata, kafin wani lokaci zaurena da tsakar gidana duk tabarmi ne. Na yi ta yi har na gaji, gajiya ta gaskiya, ga ciwon ƙafa, ga hatsi na ja baya. Wata la'asar na ce ya isa, na tura ƙyaure na sa sakata. Ban kai ga zama ba aka yi sallama. Na yi kamar ban ji ba. Aka sake. Na ce a raina ruwa kawai zan miƙa, na ɗebo a ƙwarya na buɗe kaɗan, na miƙa ta kafar.

Wata matashiya ce, Bafillatana, da yaro a goye ya langaɓe. Ta ba shi, ta sha, ta rage kaɗan ta zuba a gindin bishiya. Sannan ta juya ƙwaryar. Na ga ta sa babban yatsa tana shafa farin tabon.

"Inna," ta ce, "uwata tana da irin wagga, tun na aurenta. Ta ce muna in mun ga ta a gida, mu shiga, ba a kora."

Ban tambaye ta sunan uwar ba, amma Biba ce ta faɗo mini a rai. Ni da na yi kwana uku ina kankara har yatsuna suka fashe, ga ni tsaye da sakata a hannu. Na ja ƙyauren har ya bugi bango, na kwance mata goyon da kaina. Washegari na sa aka cire sakatar, tana nan cikin lefe tare da Gajera.